Me ke cinye tukunyar alminiyam, kuma me ke kare ta?

A cikin birnin Maraɗi, ko Tibiri, ko Jiratawa, da wuya a shiga gidan da babu tukunyar alminiyam a kan murhu. Ba ta da nauyi, tana saurin ɗaukar zafi, ba ta cin itace da yawa, kuma in ta faɗi ba ta fashewa kamar tukunyar ƙasa. Shi ya sa ta shiga cikin kayan ɗakin amarya, ta shiga hannun masu tuwo-tuwo da masu dafa abincin biki. Amma duk matar da ta daɗe tana girki ta san cewa bayan ƴan shekaru gindin tukunyar yakan yi sirara, cikinta ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, wata rana kuma a ga ruwa yana ɗiga cikin wuta. Abin tambaya shi ne, ina ƙarfen da ya ragu ya tafi? Bai tashi sama kamar tururi ba. Wani ya bi ruwan wanke-wanke, wani kuwa ya shiga cikin abinci.

Sunan ƙarfen da asalinsa

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita suna. Wasu na kiran wannan ƙarfe alminiyam, wasu sanholo, wasu goran ruwa. Da yawa kuma sukan ce "tukunyar dalma". Wannan suna na ƙarshe yana kawo ruɗu, domin dalma ta ainihi wani ƙarfe ne dabam, mai nauyi, mai taushi, wanda ake samu cikin batirin mota, kuma guba ce. A wannan bayani, in muka ce alminiyam muna nufin ƙarfen tukunya, in muka ce dalma muna nufin ƙarfen batir.

Ana samun alminiyam daga wata jar ƙasa da ake kira boksit, wadda ƙasar Gini ke da ita da yawa ƙwarai. A shekarar 1886 ne wasu samari biyu, Hall a Amurka da Héroult a Faransa, kowa da kansa, suka gano hanyar fitar da shi da wutar lantarki cikin araha. Ƙasar Nijar ba ta da masana'antar da ke wannan aiki. Tukwanen da maƙeranmu ke zubawa daga tsofaffin kaya ake yin su: fistan da sassan injin mota, gwangwanin lemo, tsohuwar waya, firam ɗin taga, da tukwanen da suka mutu. Sana'ar ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Abin da ya sauƙaƙa ta shi ne alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, wanda gawayi da zuga suke iya kaiwa, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Maƙeri yakan danna tukunyar samfur cikin damshin ƙasa mai laushi a cikin akwati, ya zare ta, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari, in ya huce ya goge da magagari. Sana'a ce mai amfani, tana mayar da shara kayan aiki, tana ciyar da gidaje.

Ƙarfe mai taushi, fata mai tauri

Alminiyam ƙarfe ne mai taushi. A shekarar 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe mai suna Mohs ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, inda duk abin da lambarsa ta fi girma yake iya karce na ƙasa da shi. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2 da rabi, alminiyam bai kai 3 ba, wuƙar ƙarfe tana tsakanin 5 da 6, yashi kuwa yana kan 7. Ke nan ƙwayar yashi ta fi wuƙa iya yankar tukunya. A riƙe wannan, za mu komo gare shi.

To, me ya sa ƙarfe mai taushi haka ba ya tsatsa kamar kwanon rufi ko fartanya? Gaskiyar ita ce yana yi, sai dai tsatsarsa ta sha bamban. In baƙin ƙarfe ya haɗu da iska da damshi, tsatsarsa ja ce, tana ɓarewa tana zuba, ta bar sabon wuri a buɗe, har ƙarfen ya ƙare. Shi kuwa alminiyam, da zarar iska ta taɓa shi, nan take sai wata fata ta fito a jikinsa ta manne, ta hana iska da ruwa kaiwa ga na ƙarƙashi. Ido ba ya ganin wannan fata. Sai an jera irinta fiye da dubu goma kafin a kai kaurin gashin kai guda ɗaya. Amma ita ce garkuwar tukunya, kuma ta fi ƙarfen da ta rufe tauri nesa ba kusa ba.

In aka karce fatar, wata sabuwa takan fito cikin ƙiftawar ido. Mai karatu zai ce, ashe babu asara. Akwai. Sabuwar fatar daga jikin tukunyar ake yin ta. Duk lokacin da aka kankare, tukunyar ce ke biya da namanta.

Abubuwan da ke cin fatar

Na farko, kuma mafi ɓarna a gidajenmu, shi ne wanki da yashi da toka. Al'ada ce da muka gada tun zamanin tukunyar ƙasa da akushi, kuma ana yabon mace in tukwanenta suna walƙiya. Amma a duba ruwan da ke fita in ana goga tukunya da yashi ko soson ƙarfe: baƙi-baƙi ne, ruwan toka, yana ɓata hannu. Mutane na zaton datti ne ke fita. Mafi yawansa garin ƙarfen tukunyar ne. Yashi yana yanka, toka kuma tana narkar da fatar, domin toka ƴar'uwar kanwa ce wajen aiki. Haɗa su biyu kamar a sa wa tukunya magagari ne kullum safe da yamma. A ganina, walƙiyar da ake yabo ita ce alamar tukunyar da aka tuɓe wa riga. Haka nan kankarar ƙanzo da cokalin ƙarfe: kowane ƙarar da aka ji, layi ne aka ja a gindin tukunya.

Na biyu shi ne tsami. Tsamiya, yakuwa, zoɓo, tumatir, lemun tsami, nono da ƙullun da ya kwana, duk suna narkar da fatar sannu a hankali, musamman da zafi ko in an bar su sun daɗe a ciki. Wanda ya taɓa dafa zoɓo cikin tukunyar da ta yi duhu ya ga yadda cikinta ke yin fari tas bayan an juye. Abin da ya fita daga jikinta yana cikin zoɓon.

Sai kanwa. Mun saba jefa ta cikin wake da miyar kuka da ɗanwake, kuma tana cin fatar alminiyam fiye da yadda ake zato. Gishiri shi ma in ya kwanta a gindin tukunya cikin ruwan sanyi yakan fara ƙananan ramukan nan, waɗanda daga baya suke zama huda.

A nan akwai gargaɗi ga ƙungiyoyin mata masu haɗa sabulu. Kada a taɓa jiƙa sodar sabulu cikin tukunya ko kwanon alminiyam. Soda tana cin ƙarfen da gaggawa, ruwan ya yi zafi ya tafasa da kansa, kuma wata iska mai kama wuta tana fita daga ciki. A yi amfani da bokitin roba mai kauri da muciyar itace.

Yadda masana'antu ke ƙara wa fatar kauri

Tun da injiniyoyi suka fahimci cewa wannan siririyar fata ce ke kare alminiyam, sai suka nemi hanyar ƙara mata kauri. An fara yin haka a masana'antu a Ingila a shekarar 1923, domin kare sassan jiragen sama masu sauka a kan teku daga ruwan gishiri. A 1927 aka fito da hanyar da aka fi bi har yau.

Aikin ya yi kama da na marina, shi ya sa za mu kira shi rinin lantarki. Ana wanke kayan sarai, a tsoma su cikin kwatarniyar ruwan asid, irin wanda ke cikin batirin mota amma an sirka shi, sannan a bi da wutar lantarki ta cikin kayan da ruwan. Wutar takan sa fatar ta yi ta girma, har ta ninka ta asali sau dubbai. Ana auna ta da maikuron, wato milimita ɗaya an raba ta dubu. Gashin kai yana wajen maikuron 70. Rinin yau da kullum yana ba da maikuron 5 zuwa 25, rini mai tauri kuwa daga 25 har zuwa 100.

Bambancinsa da fenti babba ne. Fenti a sama yake zaune, shi ya sa yake ɓarewa. Wannan fata kuwa daga jikin ƙarfen ta tsiro, wani sashe nata ya nutse ciki, wani ya taso waje, kamar yadda baba ke shiga cikin zare ba a bisansa yake tsayawa ba. Tana fitowa da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. In ana son launi, sai a zuba shi cikin ƙofofin, daga nan a dafa kayan cikin ruwa mai tafasa, fatar ta kumbura ta toshe su. Mai karatu ya sha taɓa irin wannan aiki bai sani ba: firam ɗin farantin sola, tagogin alminiyam na sababbin gine-gine, da bayan wasu wayoyin hannu. In kuna sayen tukunya ko kasko na kanti, ku duba kwalin. Ko da Faransanci aka rubuta ko da Ingilishi, kalmar takan fara da haruffa huɗu: a, n, o, d. Irin wannan tukunya cikinta ruwan toka ne mai duhu, kuma cokali ba ya karce ta da sauƙi. Duk da haka yashi yana cin ta a hankali, soda da kanwa mai yawa kuma suna narkar da ita.

Me ya hana maƙeranmu yin wannan aiki? Rini mai tauri yana bukatar wutar lantarki mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, da injin da zai riƙe ruwan asid da sanyi kusa da na ƙanƙara, a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40. Ban da haka, ƙarfen zubi na sassan inji yana da sinadarin silikon da yawa, kuma irinsa ba ya karɓar rinin da kyau. Kada wani ya ji an ambaci ruwan batir ya ce zai gwada a gida. Ruwan yana ƙona fata, yana makantarwa, kuma wanda aka zuko daga tsohon batir cike yake da dalma. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanya ta biyu ita ce a shafa wa ƙarfen wani abu dabam. Wanda aka fi sani shi ne Teflon, baƙin shafi mai santsi da ke hana abinci kamawa. Wani masani mai suna Roy Plunkett ne ya gano shi a Amurka a 1938. A 1954 wani injiniya Bafaranshe, Marc Grégoire, ya samu dabarar manna shi a jikin alminiyam, kuma a 1956 aka kafa kamfanin Tefal, wanda sunansa haɗin Teflon da alminiyam ne. Wannan shafi yana raba abinci da ƙarfe sosai, tsami ba ya cin sa, amma shi kansa ba shi da tauri. Cokalin ƙarfe yana yaga shi, kuma in zafi ya wuce digiri 260 yakan fara lalacewa. Kaskon da aka bari babu komai a kan garwashi yana wuce wannan zafi cikin ƴan mintoci. An yi shi ne don murhun gas da cokalin itace. Masu rahusa da ke cika kasuwa shafinsu siriri ne, ba ya jure wutar itace, kuma araha ba ta ado. In ya fara ɓarewa, aikinsa ya ƙare.

Ko gwangwanin lemo yana da nasa shafin na roba a ciki, siriri ƙwarai. Ba don shi ba, da tsamin lemon ya huda gwangwanin tun yana kanti.

Babur da injin ban ruwa

Matsalar ba ta tsaya a madafa ba. Masu kabu-kabu a Maraɗi da masu lambu a fadamar Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tibiri, kullum suna aiki da alminiyam. Fistan ɗin babur da na injin ban ruwa da shi ake yi, don rashin nauyinsa, amma ana gauraya shi da silikon wajen kashi 12 cikin ɗari domin ya jure guga. Ramin da fistan ke kai da komo a ciki ba a barin sa alminiyam tsura. A yawancin ƙananan injuna ana sa masa riga ta baƙin ƙarfe. A wasu kuma ana shafa wa bangon ramin wani ƙarfe mai tauri, kamar shafin Nikasil da kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967. Irin wannan shafin siriri ne, in ya cinye ba a gyara shi da gogewa, sai a sake shafawa a masana'anta ko a canja sashen.

Abokin gabar duk waɗannan shi ne dai yashi. Ƙurar hunturu da ta wuce matatar iska takan gauraya da baƙin mai ta zama kamar garin wasa wuƙa. Mai babur da ya cire matatar iska don injin ya ƙara gudu, ko mai lambu da ya jefa tiyo cikin rijiya babu rariya a bakinsa, abin da mai wanke tukunya da yashi ke yi shi suke yi, sai dai tasu asarar ta fi tsada.

Abin da bincike ya nuna game da abinci

A 2014 wasu masu bincike suka gwada kayan girki 29 da aka zuba daga tsofaffin ƙarafa a Kamaru, suka tarar dalma tana fita daga jikinsu zuwa cikin ruwan girki. A 2017 aka faɗaɗa binciken zuwa kaya 42 daga ƙasashe goma masu tasowa. An tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu na awa biyu. Guda 40 sun saki alminiyam fiye da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, 15 kuma sun saki dalma gwargwadon da ya kamata a damu da shi. Da aka shafa wa wasu tukwanen shafi irin na Teflon aka sake gwadawa, ƙarfen da ke fita ya ragu da fiye da kashi 98 cikin ɗari. Gwajin da ruwan tsami aka yi shi, don haka ya fi kusa da dahuwar zoɓo da miyar yakuwa fiye da tuƙin tuwo.

Jikin mai lafiya yana fitar da yawancin alminiyam ɗin da ya shiga ta hanyar ƙoda, sai dai masu ciwon ƙoda su yi hattara. Dalma ita ce abin tsoro. Tana taruwa a jiki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki, ta rage masa fahimta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado nata da aka san ba ya cutarwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu. Wancan daga ƙurar dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga tukunya ba. Abin da tukunya ke saki kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta, amma kullum ne, kuma shekara da shekaru.

Abin da za a iya yi a gida

Sabuwar tukunya a wanke ta da sabulu da soso mai laushi, a cika ta da ruwa a tafasa sosai, a zubar, a maimaita sau biyu ko uku. Tafasa ruwa yana ƙara wa fatar kauri kaɗan, dangin abin da masana'antu ke yi a ƙarshen rini. Cikinta zai yi duhu. Wannan duhun ba datti ba ne, a bar shi. Bayan haka a shafa man gyaɗa kaɗan a ciki, a ɗora a wuta marar ƙarfi har man ya bushe ya kama, a sake. Masu tuyar masa da ƙosai sun riga kowa sanin wannan: tandar da ta yi baƙi da mai ba ta kamu, kuma ba mai hankalin da zai goge ta da yashi.

Ƙanzo a jiƙa shi da ruwa ya saki da kansa, a kwashe da mara ko cokalin itace. Gishiri a sa shi bayan ruwa ya tafasa. Kanwa a jiƙa ta a wani mazubi, a tsiyaya kaɗan. Abinci mai tsami in ya dahu a juye shi cikin ƙwarya, ko tukunyar ƙasa, ko robar abinci, kada ya kwana cikin alminiyam. Kunun jarirai ya fi cancanta da wannan kulawa. Bayan tukunya kuwa, inda baƙin hayaƙi ke kamawa, a shafa masa laka ko sabulu kafin a ɗora, sai baƙin ya fita ba tare da guga ba.

Sai dai a sani, dahuwar ruwa da shafin mai suna rage cin ƙarfe ne kawai. Ba su kai shafin masana'anta ba, kuma ba za su tsare dalmar da ta riga ta shiga cikin ƙarfen ba. Wannan a hannun maƙeri yake.

Ga maƙeran zubi

Dalma tana shiga tukunya ne tun daga tarin kayan da aka narka: guntayen batir, lagireto mai ƙarfen lika, allunan cikin rediyo da talabijin, da ƙananan ƙarafan da ake maƙalawa a ƙafar mota don daidaita ta. Maganaɗisu yana ɗauke baƙin ƙarfe, amma ba ya kama dalma, don haka sai an tsince ta da hannu. Ana gane ta da nauyi, domin ta ninka alminiyam fiye da sau huɗu. Farce yana shiga jikinta, kuma in an goga ta a takarda tana barin layi kamar fensir. Tana narkewa tun a digiri 327, wato kafin alminiyam ya fara laushi ta riga ta zama ruwa, kuma in ta gauraya ba mai iya ganin ta ko raba ta a maƙera.

Ya kamata a ware mazubin narkarwa guda don kayan abinci kaɗai, a ajiye tsofaffin tukwane, waya da firam ɗin taga dominsa, a bar kayan da ba a san asalinsu ba don zubin abin da ba ya taɓa abinci, kamar murhu da mariƙin ƙofa. A busar da kayan kafin a jefa su cikin narkakken ƙarfe, domin damshi yana sa ƙarfen ya yi tsalle ya ƙona mutum, kuma yana barin ƙananan kumfa a jikin tukunya, inda huda ke farawa. A kwashe kashin da ya taso sama sarai kafin a zuba. Hayaƙin fenti da robar gwangwani yana cutar da ƙirji, don haka a yi narkarwa a fili, nesa da inda yara ke wasa, kuma almajiran maƙera su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.

Mai saye shi ma yana da abin dubawa. A shafa cikin tukunyar da hannu, a zaɓi mai santsi wadda babu ramuka, mai kaurin gindi daidai ko'ina. A tambayi maƙerin da me ya zuba ta. Wanda ke da tsofaffin tukwane a gida yana iya kai su ya ce da su yake so a zuba masa sabuwa, ya biya kuɗin aiki da na gawayi.